Zaunar da Karen Farauta

Da an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, sai kakar farauta ta kama a ƙasar Katsina, ba ta kuma ƙarewa sai ruwa ya sauka manoma sun koma gona. A 'yan watannin nan ne ake ganin motoci shaƙe da samari da gorori da karnuka suna fita ta Ƙofar Ƙwaya ko Ƙofar Sauri tun da asuba. Rashin tsaro ya rage abin ƙwarai, don dajin Rugu da ke bayan Batsari da Safana ya daɗe da fin ƙarfin mai neman zomo, amma sana'ar ba ta mutu ba, ta dai matso kusa da gida.

Karen farautar Hausa ba ya buƙatar a gabatar da shi: siriri, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, fata ba kitse. Ɗan'uwansa na arewa, wanda Buzaye ke kiwo a yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, har Turai an san shi saboda gudu. Halittar da ta ba karen Hausa gudun ita ce kuma ke jawo masa rauni. Ƙafa ta faɗa rami yana tsakiyar bin zomo, ta karye. Ƙaya ta tsage masa tafin ƙafa. Karnukan wata ƙungiya su taru a kansa wajen rigimar nama. Ko kuma duk ya tsallake waɗannan, ya dawo gari lafiya lau, babur ya kaɗe shi a bakin titi.

Kirari a wajen mafarauta na wanda karensa ya kama ne. Ni kuwa wanda ke burge ni shi ne mutumin da zai ɗauki wannan dabba, wadda ba ta san zama ba, ya zaunar da ita wata biyu ko uku a wuri guda, ba duka, ba tsawa, ba ta haukace ba, ba ta lalace ba, sannan ya miƙar da ita a kan ƙafa huɗu. Ɗaure karaya aikin sa'a ɗaya ne. Abin da ke biyo bayansa shi ne ba kowa ya iya ba.

Gwanin ana gane shi tun daga ranar farko. Bai yarda da cewa "ai karena ne, ba zai cije ni ba." Karen da ke cikin azaba yana cizon hannun da ke ba shi tuwo, don haka kafin a taɓa ƙafar sai an ɗaura masa takunkumi da tsumma ko bakin rawani, a kewaye baki a ƙulle a bayan kunne. Ba a barinsa ya ɗingisa zuwa mota. A kan buhu ko tabarma ake ɗauko shi. Sannan gwanin ya san iyakar hannunsa. Hausawa na da maɗora tun kaka da kakanni, karan ɗori kuma ya tayar da awaki da tumaki ba iyaka, amma ɗori yana riƙe ƙashi ne kawai idan ya hana gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita motsi. A ƙasan gwiwa hakan na yiwuwa. A cinya ko damtse kuwa kara ba shi da inda zai kama, sau da yawa ma nauyinsa ƙara janye ƙashin yake yi. Irin wannan sai likitan dabbobi, wani lokaci sai tiyata an sa ƙarfe, kuma idan abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na gari, akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba kowane mai kare ke da kuɗin wannan tafiya ba, kowa ya sani. Amma ko wanda bai da shi, gara ya ji daga bakin likita wace irin karaya karensa yake fama da ita.

Sai jinya. A nan dole a fahimci yadda ƙashi ke haɗewa, don duk dabarar a kansa ta rataya. Kwanakin farko jini ne ke taruwa ya daskare a wurin, ƙafa ta kumbura, zafi ya hana karen taka ta. A wannan lokacin ba ka da aiki sosai, ciwon da kansa ke yi maka gadi. Daga nan jiki ya fara saƙa wani abu mai laushi kamar guringuntsi tsakanin bakin ƙasusuwan biyu, wanda sannu a hankali yake taurara ya zama ƙashi. Ga babban kare wannan kan ɗauki mako 8 zuwa 12. Ɗan kwikwiyo kan gama cikin 4 zuwa 6. Matsalar ita ce zafin yana tafiya tun wajen mako na biyu ko na uku, alhali haɗin bai wuce guringuntsi ba. Kare ba ya ƙidaya kwana. Ya taka ya ji shiru, a wurinsa ya warke. Tsalle ɗaya kan ƙadangare, aikin mako uku ya rushe, kuma karaya ta biyu ta fi ta farko wuyar haɗewa. Da yawa daga cikin karnukan da za ka gani da karkatacciyar ƙafa, ba ranar da suka karye suka nakasa ba; ranar da mai su ya ce "kai, ya samu sauƙi" ya kwance igiya ce. Targaɗe da tsagewar jijiya ma haka suke yaudara.

To ta yaya ake hana shi? Marar sani sarƙa yake nema, ya ɗaure a turke tsakar gida. Wannan kusan ya fi saki muni, domin karen da ke kan doguwar sarƙa yana samun filin zabura, ya zo ƙarshenta ta fizge shi ya faɗi a kan ƙafar. Gwani ɗan wuri yake keɓewa wanda bai wuce karen ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu ba. Ƙasan wurin yashi ne mai laushi ko buhu, ba daɓen siminti mai santsi ba, balle tayil ɗin gidajen zamani da ke sa ƙafa ta zame. Kare marar kitse, in ya daɗe kwance a kan abu mai tauri, ƙugunsa da gwiwar hannunsa sai su yi gyambo. Inuwa kuma wajibi ce. Kare ba ya zufa irin tamu, da lallage harshe yake sanyaya jiki, kuma zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana iya kashe karen da aka kulle a ƙarƙashin kwanon rufi kafin la'asar. Da hunturu kuwa akasin haka ne: siririn kare yana jin sanyi, sai an tare masa iska.

Abin da na fi so a shirin shi ne zana. Gwani yana kewaye wurin da zana ko tsohuwar tabarma har ta wuce tsayin idon karen. Wannan kare da ido yake farauta. Duk abin da ya gilma, jikinsa ya tafi kafin kansa ya yi shawara. Kaza da 'ya'yanta, kyanwa a kan katanga, yaro da ƙwallo. Abin da bai gani ba, bai zabura a kansa ba. Amma ba a kai shi can bayan gida inda ba ya jin motsin kowa, don kaɗaici ma wani ciwon ne: ya yi ta haushi, ya yi ta haƙa, ya ci igiya, ya ci ɗaurin ƙafar. Wurin da ya dace shi ne inda yake jin muryar mutanen gida, yana jin ƙanshin girki, amma hanya ba ta bi ta gabansa ba.

Bayan ido sai kunne. Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904, sunansa ya yaɗu ne saboda ya nuna cewa kare kan haɗa wani sauti da abin da ya saba biyo bayansa, har yawunsa ya zubo tun abinci bai iso ba. Mafarauci bai jira Pavlov ba. Ya san karensa ya haddace duk alamun ranar fita: ƙarar ƙaho, kiɗan ganga, fito, sauko da gora daga inda take rataye, sa rigar layu, har tsayawar mota a ƙofar gida. Kowanne cikinsu yana tayar masa da tsikar jiki. Saboda haka mai jinya na gaskiya yakan fitar da kayan farautarsa tun daren jiya ya kai gidan aboki, ya sa a fita da sauran karnukan ta wata ƙofa, ya hana yaransa yin fito a zaure. Wani ma haƙura yake yi da fitar a makonnin farko. Za ka ji dattijo yana ce wa yaronsa, "Kai, ɗan nan, kada ka busa ƙahon nan sai kun bar unguwa." Yaron ya ce, "To, Baba," ya cusa shi a aljihu.

Duk waɗannan hani ne, kuma hani kaɗai ba ya zaunar da kare. Ƙarfin da ya saba ƙonewa a daji yana nan a jikinsa, dole ya sami mafita. Inda gwaninta take shi ne a gajiyar da karen ba tare da an taɓa ƙafar ba, kuma ƙofar hakan hanci ce.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin jin wari kamar miliyan 5 zuwa 6 a hancinsa. Na kare sun haura miliyan 200. Sunsuna a wurinsa aiki ne na ƙwaƙwalwa, kuma aikin ƙwaƙwalwa yana gajiyarwa. Don haka a daina zuba masa abinci a kasko ya lamushe cikin minti ɗaya. Ka tsaya ka kalli yadda gwani ke yi da maraice. Ya zo da ƙanzo ko busasshen tuwo, ya farfasa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ya haɗa da ɗan ɓarɓashin kifi ko nama don ƙanshi. Ya ɗebo harawa ko busasshiyar ciyawa cikin hannu biyu ya baza a gaban karen, daidai inda wuyansa zai kai yana kwance, ya watsa abincin a ciki ya yamutsa. Karen ya sa hanci. Da farko da gaggawa, yana huci, ciyawa na tashi. Can sai ka ga ya lafa, kunnuwa sun saki, wutsiya ta daina bugun ƙasa, yana ture kara ɗaya-ɗaya da bakinsa, ya tsaya, ya koma inda ya riga ya wuce don wani ƙanshi ya kira shi. Abincin minti ɗaya ya zama na minti ashirin. In ya gama, ya lashe baki, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗora haɓa a kan ƙafa. Barci ya biyo baya, kuma babban kare lafiyayye ma kan yi sa'a 12 ko fiye yana barci a yini, balle mai jinya.

Wasan yana da matakai. In ya gane na ciyawa, sai a kawo gwangwanaye uku a kife, a sa nama a ƙarƙashin ɗaya, a bar shi ya nuna da hanci. A naɗe abinci cikin tsohon tsumma a ƙulle sako-sako ya kwance. A kawo masa abu daga waje ya sunsuna: gashin zabo, reshen da aka karyo a bayan gari, takalmin da ya je kasuwa ya dawo. Nan fa akwai lura, don ba kowane ƙanshi ke kwantar da hankali ba. Fatar zomo ɗanya tana iya tayar da karen farauta tsaye. Gwani yana kallon jikin karen: in kunne ya miƙe, jiki ya ɗau rawa, ya san ya wuce gona da iri, ya janye. A Amurka aikin hancin nan ya zama wasa mai zaman kansa, ana gasarsa. A 2019 wasu masu bincike biyu, Charlotte Duranton da Alexandra Horowitz, sun gwada karnukan gida: rukuni ɗaya aka sa su aikin hanci na mako biyu, ɗaya kuma aka sa su tafiya a gefen mai su bisa umarni. Waɗanda suka yi aikin hanci sun fi saurin tunkarar kwanon da ba su da tabbacin akwai abinci a ciki, abin da masu binciken suka fassara da kyautata zato. Kare ma ashe yana da ranar da ransa ke fari.

Na biyu bayan hanci shi ne tauna da lasa. Turawa na sayen wata roba mai rami, Kong, wadda wani Ba'amurke, Joe Markham, ya fito da ita a shekarun 1970, suna cusa abinci a ciki kare ya wuni yana lasa. Wanda ke da mahauta a garinsu ba ya buƙatar ta. Ƙahon sa da aka wanke aka danna masa tuwo, ko kofato, ko busasshiyar ganda mai kauri, duk suna wannan aikin. Abin gudu shi ne dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. A kula kuma da sauran miyar gida, don albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare idan sun yi yawa. Sannan yawan abincin kansa sai an rage. Tausayi kan sa matan gida da yara su yi ta jefa masa loma, alhali karen da ba ya gudu ba ya ƙone abin da ya saba ƙonewa. Ya yi ƙiba, ƙafar da ke neman haɗewa ta sami ƙarin kaya.

Safe da yamma akwai duba ɗauri, kuma wannan ma abin kallo ne. Mutumin ya tsuguna ta gefen karen, ba ta gabansa ba, ya fara shafa wuya da kafaɗa har ya ji jiki ya saki, sannan hannu ya gangara. Ana barin yatsu biyu na tsakiya a waje da gangan, su ne masu ba da labari. Ya taɓa su: da ɗumi ko sun yi sanyi? Suna haɗe, ko sun buɗe sun rabu da juna? In sun rabu, ƙafa ta kumbura a ciki, ɗaurin ya matse, kuma ba a kwana da wannan. Ya sunkuya ya sunsuna ɗaurin da kansa, don wari kan riga ido sanin ruɓa. Ya duba saman ɗaurin inda yake gogar fata. Ya tabbata bai jiƙe da fitsari ko ruwan sha ba. In akwai buɗaɗɗen rauni, ƙuda ne abokin gaba, don kwana kaɗan ya ishe shi ya bar tsutsa. Yana nan tsugune zai bi kunne da tsakanin yatsu ya cire kaska. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne, a bar ta a bakin masu faɗa: lasa tana buɗe ɗinki, wanda ya kamata ya zauna kwana 10 zuwa 14 kafin a cire. Likitoci na sa wa kare wani mazurari na roba a wuya don bakinsa kada ya kai. A nan gida tsohon bokitin roba da aka yanke gindinsa, aka naɗe bakin da tsumma, yana yin aikin.

Magani kuwa, a nan ne nake da zafi. Mutum ya ga karensa na nishi, ya aika yaro kemis a sayo abin da shi yake sha in jikinsa na ciwo. Ibuprofen da diclofenac suna ƙwaƙule cikin kare su kashe masa ƙoda; farasitamol ma, in ya wuce ƙima, hanta yake ci. Akwai magungunan zafi da aka yi don karnuka, likita ne ke auna su da nauyin dabba. Kuma ko su ɗin, gwani ya san suna da wani gefe: da zafi ya kwanta, karen zai ƙara jin ya warke, tsaro kuma sai ya ƙaru. Ƙwayar sa barci ta mutane ba ta cikin lissafi sam.

Akwai kuma abin da ba a saye, wato zaman mutumin kansa. Karen farauta ya saba da ayari, kuma maigidansa ne kan ayarin. Rabin sa'a a kan tabarma kusa da shi, ana jin rediyo ko ana gyaran igiya, ba wasa, ba zuga, ba kiran sunansa da muryar cuna shi ga nama, yana kwantar da shi fiye da yadda ake zato. Wasu kan kawo tsohuwar karya da ta daina fita su ajiye ta kusa, wadda ba ta da sauran sha'awar kokawa. Mai ƙyamar kare zai ce wannan duk ɓata lokaci ne a kan dabbar da ake kora daga bakin masallaci. Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su hana riƙe kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, kuma ɗan makarantar allo ma ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ci naman da kare ya kamo masa shekara uku, ba shi da bakin cewa jinyarsa ta fi ƙarfinsa.

Fita kewaya a kan gajeriyar igiya ake yi tun daga rana ta farko, taku kaɗan a dawo. In ƙafar baya ce, a zura tsohon zane a ƙarƙashin ciki a riƙe bakinsa biyu a sama, a rage masa nauyi. Ranar da aka kwance ɗauri ba ita ce ranar saki ba. Ƙafar za ta fito a rame, tsoka ta zube, gaɓa ta ƙage. Sai a fara da tafiyar minti biyar da sanyin safiya, a hankali ƙwarai, domin a tafiyar sannu ne kare ke taka ƙafa huɗu. Da an ƙara sauri sai ya ɗage mai ciwon ya yi ta tsalle da uku. Kowane mako a ƙara kaɗan. In ya kwana ya tashi yana ɗingishi fiye da jiya, a koma baya. Daga baya a shiga yashi, a hau ɗan tudu, sannan sassarfa, sannan gudu shi kaɗai a fili, kuma sai can ƙarshe a haɗa shi da sauran karnuka, don gasa da 'yan'uwa ce ke sa shi manta kansa. Tunda ana zuwa wurin likita, a nan ne ya kamata a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke cikin masu yin ta, ana kuma maimaita ta kowace shekara.

In ka haɗa lissafin, karen da ya karye a watan Janairu ba zai kai ga gudun gaske ba sai wajen Mayu ko Yuni, lokacin hadari ya fara haɗuwa, mafarauta sun rataye gora sun ɗauki fartanya. Ke nan kakar bana ta wuce shi. Masu gaggawa kan kai shi fitar ƙarshe ta bazara, wai ko sau ɗaya ya taɓa. Gwanayen kuwa barinsa suke yi ya yi damina yana bin su gona, yana kwana a gindin bishiya, yana korar ɓera a kunya, sai kaka ta zagayo a sa shi a mota.